Yadda A Ke Rubuta Rahoton Aiki

Ya 'yan'uwana masu koyo, ko wanenmu ya san in aka tambayi Bahaushe, "Ina labari?" amsarsa guda ce, "Sai alheri," ko da kuwa ɗakinsa ne ya rushe daren jiya. Wannan ladabi ne, ba kuwa mai aibata shi a wurin gaisuwa. Amma akwai wata takarda wadda in aka shigad da irin wannan ladabi a cikinta ya kan zama ɓarna, ita ce takardar da mai koyon aikin injiniya ya ke rubuta wa malaminsa ko wane mako, ko bayan mako biyu biyu, don ya sanad da shi inda aikin da aka ba shi ya kai. Ita a ke kira rahoton tafiyar aiki.

A makarantun da a ke koyon injiniya a kan raba 'yan makaranta uku uku ko huɗu huɗu, a ba ko wace ƙungiya abu guda ta tsara fasalinsa, ta yi lissafinsa, ta zana shi, in da hali ta ƙera shi ta gwada. Waɗansu a ba su kadarko, waɗansu famfon rijiya, waɗansu injin sussukar gero. Aikin ya kan ci wata biyu ko uku, wani ma shekara guda cur. Malami ba ya iya tsayawa a kan ko wace ƙungiya kullum, saboda haka rahoton nan shi ne idonsa. In idon ya yi hakiya, malami ya makance ke nan, ko da ya fi kowa sani.

Galibin masu koyo suna ɗaukar rahoto tamkar haraji, a biya a huta, ko kuwa fagen nuna ƙwazo. Sai ka ga an cika shafi da cewa, "Mun yi taro sau uku, mun sha wahala ƙwarai, aiki yana tafiya daidai, saura kaɗan." To, malami ya karanta, me zai yi da wannan? Ba zai iya ƙara musu kaya ba, don bai san abin da ya ƙare ba. Ba zai iya gyara musu lissafi ba, don bai ga ko lamba guda ba. Amfanin rahoto shi ne mai karanta shi ya iya yanke shawara tun da sauran lokaci, ko a ci gaba, ko a dakata, ko a sake fasali ɗungum. Rahoton da aka karanta aka ajiye ba a san abin da za a yi ba, tawada kawai aka ɓata.

Don mu ga nauyin wannan magana, bari mu tafi ƙasar Kanada mu dubi abin da ya auku a shekarar 1907. Kusa da birnin Kwibek akwai wani babban kogi, Sen Lorans, wanda jiragen teku ke bi. Aka yi shawarar a ɗora masa gadar ƙarfe irin wadda a ke miƙo hannu daga ko wace gaɓa, hannuwan su yi ta tsawo bisa ruwa ba abin da ya tokare su daga ƙasa, har su kusanci juna a haɗa su, kamar dai yadda magini ya ke miƙo azara daga bango biyu in zai ɗaure bakan soro. Da fari an tsara tazarar da ke tsakanin manyan ginshiƙan biyu ta zama ƙafa 1,600. Babban injiniya mai ba da shawara, Theodore Cooper, mutumin da ya yi suna ƙwarai wajen aikin gada a Amurka, ya ce a mai da ita ƙafa 1,800, watau mita 549, don ginshiƙan su koma inda ruwa bai yi zurfi ba. Da haka kuma za ta ɗara gadar Forth ta ƙasar Sikotilan, mai ƙafa 1,710, ta zama ba kamarta a duniya. Aka ƙara tsawo, amma ba a koma aka sake lissafin nauyin ƙarfen daga tushe ba. Sai da aka ƙera ƙarafa da yawa, aiki ya yi nisa, sa'an nan aka gane nauyin gaskiya ya fi wanda aka yi lissafi da shi. Cooper ya duba, ya ce ƙarin bai kai na tsoro ba, a ci gaba.

Shi Cooper ya manyanta, ba shi kuma da cikakkiyar lafiya, yana zaune a birnin Niyu Yok. Tun da aka fara ɗora ƙarfe bai taka wurin ba. Wakilinsa a bakin kogi wani saurayi ne, Norman McLure, wanda bai daɗe da gama karatun injiniya ba. Aikinsa ya duba, ya auna, ya rubuta wa Cooper. Ka ga ke nan rahoton tafiyar aiki ne sosai, irin wanda mu ke magana a kai, sai dai a nan rayukan mutane ke rataye da shi.

A farkon watan Agusta 1907 McLure ya rubuta cewa waɗansu manyan ƙarafa na ƙasan gadar sun ɗan tanƙware. Su waɗannan ƙarafa danne su nauyi ya ke yi ta kai da gindi. Ku ɗauki karan dawa ku tsai da shi, ku danna shi da tafin hannu. Muddin yana miƙe sai ya ɗauki nauyi mai yawa, amma da zarar ya ɗan yi doro, ko wane ƙarin nauyi ƙara masa doron ya ke yi, doron kuma ya ƙara raunana shi, har ya karye farat ɗaya. To, sai gardama ta tashi. Mutanen kamfanin da ya ƙera ƙarafan, can a garin Phoenixville na Amurka, suka ce ai tun daga maƙera su ke da wannan 'yar tanƙwara, ba sabon abu ba ne. McLure ya ce a'a, a nan suka tanƙware bayan da aka aza musu nauyi. Wasiƙu suka yi ta kai da kawowa har kusan mako uku, aiki kuwa bai tsaya ba, kullum ana ƙara ƙarfe a bakin hannun gadar.

Abin da ya raba gardama awo ne. Akwai wani ƙarfe da aka taɓa aunawa aka tarar ya kauce da kashi 3 cikin 4 na inci. Ran 27 ga Agusta aka sake aza masa ma'auni, sai ga shi ya kai inci 2 da kwata. Ƙarfen da ya zo a tanƙware daga maƙera ba ya ƙara tanƙwarewa don kansa, lalle nauyi ne ke cinsa. Shugaban ma'aikata ya tsai da ɗora kaya, amma kashegari aka koma aiki, don ana tsoron in aka dakata ma'aikata su watse. McLure ya hau jirgin ƙasa zuwa Niyu Yok, ya ga Cooper da safiyar 29 ga wata. Cooper ya buga waya kada a ƙara wa gadar nauyi sai an bincika. Amma wayar ba bakin kogi ta tafi ba, ofishin kamfani ta tafi a Phoenixville, a can kuwa aka jingine maganar sai an zauna an tattauna. Wajen ƙarfe 5.30 na yammacin ran nan, ana dab da tashi daga aiki, hannun kudu na gadar ya rufta cikin kogi cikin abin da bai wuce sakan 15 ba. Mutum 86 ke bisa, 75 suka mutu, 33 daga cikinsu 'yan ƙabilar Mohok ne na gari guda, Kahnawake. Hukumar binciken da gwamnati ta naɗa ta ba da rahotonta a 1908, ta ɗora babban laifin a kan kuskuren shawara na wanda ya tsara fasalin da na Cooper. Gadar da aka sake ginawa da sabon fasali an gama ta a 1917, tana nan har yanzu.

Kada wani ya ce ina ruwan ɗan makaranta mai ƙera famfo da gada mai ƙafa 1,800. Hannun da ya saba rubuta "aiki yana tafiya daidai" a makaranta, shi ne zai rubuta shi ran da aka damƙa masa gada. Ni a ganina abin da ya fi ko wanne muhimmanci cikin labarin nan shi ne awon nan guda biyu. Awo guda ba ya faɗin kome. Da an auna ran 27 kaɗai an sami inci 2 da kwata, da mutanen kamfani sun sake cewa haka ya zo daga maƙera, ba kuwa mai iya ƙaryata su. Awon farko da aka rubuta aka ajiye shi ne ya ba na biyu baki. Saboda haka ko wace lamba da za ka sa a rahoto ka sa mata ranarta, ka kuma ajiye ta kusa da 'yar'uwarta ta makon jiya, ko da a lokacin kana ganin ba ta da wani amfani. Ba ka san wadda za a nema ba nan da mako uku.

Akwai kuma maganar sake fasali. Ba aikin da a ke gamawa yadda aka fara zana shi, ba laifi ba ne a sake. Amma ko wane sauyi yana jan wutsiya. An ƙara tsawon gada da ƙafa 200, wutsiyar ita ce nauyi, ba a bi ta ba. Mai rubuta rahoto in ya ce an sake abu kaza, tilas ya bi da cewa lissafi kaza da kaza sun tashi saboda haka, ga wanda aka sake yi, ga wanda ba a sake ba tukuna.

Mu sauko kan namu. A ce an ba mutum uku aikin tsara 'yar hasumiyar ƙarfe mai ƙafafu 4 wadda za a ɗora tankin ruwa a bisanta don lambun makaranta, aka ba su mako 10. A ƙarshen mako na 4 ga irin rahoton da ya kamata su kai:

"Rahoto na 4, ƙarshen mako na 4 cikin 10. A rahoto na 3 mun ce za mu gama zane, mu haƙa ramukan gindi 4, mu zuba kankare. Ba mu zuba kankare ba. Zane ya ƙare, ga shi a haɗe. Ramuka 3 sun haƙu, zurfin ko wanne santimita 60. A na huɗu mun tarad da tsohon juji, mun kai santimita 90 ba mu sami ƙasa mai tauri ba.

"Mai kula da lambu ya nemi a sake tanki, daga mai lita 1,000 zuwa mai lita 2,000. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Tanki da dandamalinsa mun ƙiyasta su kilo 200, ba mu auna ba tukuna. A da ko wace ƙafa tana ɗauke da kilo 300, yanzu 550. Ƙarfen da muka zaɓa a mako na 2 a kan 300 muka yi lissafinsa, saboda haka wannan lissafi ya tashi. Za mu kawo sabo ran Laraba.

"Kankare yana bukatar kwana 28 kamin a aza masa cikakken nauyi. In muka zuba a ƙarshen mako na 5, sai ƙarshen mako na 9 a cika tanki, ya rage mako guda na gwaji. In zubin ya kai ƙarshen mako na 6, ba sauran lokacin gwaji. Muna roƙon Malam ya zo ya ga rami na huɗu ran Litinin, ya faɗa mana ko mu ci gaba da haƙa, ko mu gusa da hasumiyar duka."

Ku duba, bai cika shafi guda ba, amma malami ya san ranar da zai zo, da abin da zai duba, da yawan kwanakin da suka rage kamin gyara ya gagara. Mugun labari, watau rashin zuba kankare, a farkon magana aka sa shi, ba a binne shi a layi na ƙarshe ba bayan mai karatu ya gaji. An kuma fara da alkawarin makon jiya. Wannan shi ne abin da ya fi yi wa masu koyo ɗaci, gama mutum ya fi son ya lissafa abin da ya yi da ya tuna wa malami abin da ya ce zai yi. Amma ba yadda za a san tafiya ta yi sauri ko ta yi nawa sai an san zangon da aka nufa. Wani Ba'amurke, Henry Gantt, tun wajen shekarun 1910 ya fito da dabarar zana wannan a takarda, ko wane sashen aiki da layinsa, a ja tsawon lokacin da aka yanka masa, a ja kuma inda aka kai, da kallo guda sai a ga wanda ya makara. Har yanzu ana amfani da ita, yana da kyau a liƙa ta a bayan rahoto. Sai dai zane ba ya faɗin dalilin makara, wannan aikin alƙalami ne.

Ku lura kuma da inda suka ce, "mun ƙiyasta, ba mu auna ba tukuna." Gaban alƙali dabam ne mai shaidar da ya ce na gani da idona, da wanda ya ce na ji an ce. Haka lambobi su ke. Akwai wadda aka auna da ma'auni, akwai wadda aka fitar ta hanyar lissafi, akwai wadda aka samo a littafi, akwai kuma wadda aka cinta kawai. A takarda dukansu kama guda gare su, in ba ka faɗa ba malami ba zai san wadda zai dogara a kai ba. Ba abin kunya ba ne ka yi ƙiyasi, injiniyoyi kullum suna yi. Abin kunya shi ne ka sa wa ƙiyasi rigar awo. Kada kuma ka rubuta lamba tsirara ba sunan ma'auninta. "Zurfi 60" ba magana ba ce, sai an san santimita ne ko inci, tsakaninsu kuwa ninki biyu da rabi ne.

Harshenmu na Hausa yana da waɗansu ƙofofi masu daɗin ɓuya, ya kamata mai rubuta rahoto ya san su don ya toshe. Babbarsu ita ce "an". An auna, an duba, an ce ƙarfen zai ɗauka. Wa ya auna? Wa ya ce? In kai ka auna, ka ce na auna. In maƙerin kasuwa ne ya faɗa maka, ka ce shi ya faɗa, don malami ya san nauyin da zai ba maganar. A aikin ƙungiya "an" ta kan rufa wa malalaci asiri, ta kuma cinye haƙƙin mai ƙwazo, har a kai ƙarshen aiki ba a san mutum guda ne ke ɗauke da mutum uku ba. Ƙanwarta ita ce "ana nan ana yi", wadda mutum zai iya rubutawa mako biyar a jere bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi kome ba. Sa'an nan akwai bambanci tsakanin "ma gama" da "za mu gama ran Laraba". Ta farko fata ce, ta biyu alkawari ne wanda za a iya tuhumarka a kai, ita kuwa a ke so. Amma uwar ɓuya duka ita ce "saura kaɗan". Waɗansu su kan yi mata ado su ce sun gama kashi 90 cikin 100, alhali ba abin da suka ƙirga. Ƙirga abin da a ke iya ƙirgawa: ƙafafu 4, an yanka 4, an yi wa 2 walda. Sau da yawa kaɗan ɗin da ya saura, watau haɗawa da gwaji da gyaran abin da gwaji ya tona, shi ke cin rabin lokacin aiki.

Gaisuwa kuwa layi guda ya isa. Ba rashin ladabi ba ne, malamin da ke da rahoto goma a gabansa ya fi gode wa wanda ya taƙaita.

Da ya ke yawancinmu malanta za mu yi, akwai rabin maganar da ya shafe mu ta ɗaya gefen, ina kuma neman gafarar malamanmu in na yi shisshigi. Yaro ba ya ɓoye ɓarna don mugunta, kunya ce da tsoro. In ran da ya fara kawo mugun labari aka tsawata masa gaban 'yan'uwansa, wanda ya rubuta "aiki yana tafiya daidai" kuwa aka ƙyale shi, to, duk ajin sun koyi darasi, daga ran nan sai alheri kaɗai malami zai riƙa ji, har ran da tanki ya faɗo. Kamata ya yi maki ya bi gaskiyar rahoto da tsabtarsa, ban da makin nasarar aikin. Ƙungiyar da famfonta ya ƙi jan ruwa, amma ta nuna awon da ta yi, da inda ta ke zaton cutar ta ke, da gwajin da za ta yi don ta tabbatar, ta fi koyon injiniya bisa ga wadda nata ya ja ruwa ba ta san dalili ba. Malami kuma ya amsa da wuri. Rahoton da ya nemi shawara ran Litinin aka amsa ran Jumma'a ya koya wa yaro cewa ba a karanta abin da ya ke rubutawa.

Saura maganar isarwa. Wayar Cooper gaskiya ta faɗa, kuma ta fita tun da sauran sa'o'i, amma ba ta kai bakin kogi inda a ke aikin ba. Rahoton mako yana da ranarsa, amma akwai abin da ba ya jiran ranar rahoto. In ka ga tsaga a kankare, ko ƙarfe ya yi doro, ko waya tana zafi, ko wani abin da zai iya raunata mutum, ka sa a dakata nan take, ka tafi da ƙafarka ka faɗa wa malami baki da baki, sa'an nan ka rubuta. Ko ta wace hanya ka aika da takarda, ta hannu ko ta kwamfuta, kada ka ɗauka ta isa sai ka ji amsa. Ka sa wa ko wane rahoto lambarsa da kwanan watansa, dukan 'yan ƙungiya su karanta su sa hannu kamin a kai, ku kuma riƙe kwafi guda a jere cikin littafin aikinku. Ran da za a rubuta babban rahoto na ƙarshe, daga cikin waɗannan za a tsamo ranar da aka sake tanki, da zurfin rami na huɗu, da dalilin da ya sa aka bar ƙarfen farko aka ɗauki wani.